Kafin Ka Kunna Majigi

Ranar da na fara tsayawa gaban mutane da majigi, ba a aji ba ne, ba kuma gaban malamanmu ba. A garinmu ne, Sule Tankarkar, lokacin da nake SIWES, watanni huɗun nan na koyon aiki da ake tura mu bayan shekarar farko. An ajiye ni a wani ofishi da ke hulɗa da manoma. Da yake ni ne ɗan makarantar da ake ganin ya san kwamfuta, sai shugabana ya ce in shirya shafukan da za a haska a taron masu noman riɗi. Maganar taron guda ɗaya ce: yadda za a tsabtace riɗi a adana shi, don kada a kai shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis mai saye ya karya farashi saboda yashi da tsakuwa.

Kwana uku na yi ina ƙawata shafuka 32. Na zuba launi, na sa rubutu mai shigowa yana juyi. Ranar taro da hantsi muka shiga zaure, mutane sun cika benci. Na ɗauko wayar majigin zan haɗa, sai na ga kanta shuɗi ne mai 'yan ƙusoshi, laftof ɗina kuwa ba ta da ramin da zai shiga. Aka tura ɗan acaɓa aro wata laftof. Da ta iso muka kunna, hoton ya fito dishi-dishi a jikin bango mai ruwan ɗorawa, ga rana tana kwararowa ta tagogi. Duk inda na rubuta "riɗi", sai ga ɗan akwati a gurbin harafin ɗ. Ban kai shafi na bakwai ba janareta ya yi tari ya mutu.

Wani dattijo daga sahun baya ya ɗaga murya ya ce, "Yaro, mu dama tun ɗazu ba mu ga komai ba. In kana da magana, faɗa mana da baki." Na ce, "To, Baba." Amma wallahi bakina ya mutu, don duk abin da na sani yana cikin kwamfuta. Shugabana ne ya ceci taron. Ya sa aka kawo riɗi kwano biyu, ɗaya tsabtatacce ɗaya mai yashi, aka zaga da su hannu da hannu, ya yi bayaninsa cikin minti ashirin.

Da aka watse ya kira ni gefe. "Ɗan makaranta, jiya ka zo ka ga zauren nan?" Na ce, "A'a, Yallaɓai." Ya ce, "To, ba a fafe gora ranar tafiya."

Na kawo wannan labari ne saboda mu 'yan ajin ƙarshe difens yana gabanmu, bayansa kuma neman aiki. Ko a sakatariyar Dutse aka ɗauke ka, ko a ɗaya daga ƙananan hukumomi 27 na Jigawa, ko a asibiti, ko banki, ko wata ƙungiya, ranar da za a yi taro kai mai difloma za a kalla a ce, "Zo ka haɗa mana majigi." Ba wanda zai tambaye ka ko an koya maka. Ga abin da na tattara tun daga ranar, daga takardun injinan kansu da kuma gwaji.

Darasi daga majigin da

Kalmar majigi ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Ta samo asali ne daga sunan Turanci na tsohuwar fitilar haska hotuna a bango, wadda suka kira fitilar sihiri. A zamanin mulkin mallaka wani jami'in lafiya mai suna William Sellers ya fara amfani da fim wajen wayar da kan jama'a a Najeriya, kuma a 1939 Ingila ta kafa sashe na musamman na shirya irin waɗannan finafinai, aka naɗa shi shugabansa. Daga nan motocin majigi suka riƙa zaga garuruwan Arewa, har bayan samun 'yancin kai, suna nuna finafinan tsabta da kiwon lafiya da noma, irin su Baban Larai. Tambayi kakanka, da wuya ya rasa labarin daren da aka kafa majigi a ƙofar fada ko ta hakimi.

Ka lura da abubuwa uku game da masu majigin nan. Da daddare suke haskawa, don sun san haske abokin gabarsu ne. Da injin wutarsu suke tafe, ba su dogara da kowa ba. Sannan akwai mai bayani, mutum da lasifika yana faɗa wa jama'a da Hausa abin da suke gani. Duhu, wuta, mai bayani. Injin ya canza, amma waɗannan ukun suna nan daram, kuma su ne na rasa a zauren nan gaba ɗaya.

Haske

Majigin ofis iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai LCD, wanda yake raba hasken fitila zuwa ja da kore da shuɗi, ya ratsa da kowanne ta nasa ɗan gilashi, sannan ya haɗe su. Akwai mai DLP, wanda Larry Hornbeck na kamfanin Texas Instruments ya ƙirƙiro tushensa a 1987, shi kuma ɗimbin mitsi-mitsin madubai ne suke karkata suna jefa haske. Ko wanne ne, abu ɗaya ya kamata ka riƙe: majigi ba ya iya haska baƙi. Abin da kake gani baƙi a allo, wurin da majigin bai jefa wa haske ba ne kawai. Don haka in rana tana dukan bangon, baƙin rubutunka ba zai fi bangon nan duhu ba. Shi ya sa hoto yake wankewa da rana, ko da injin lafiyarsa ƙalau.

Ana auna ƙarfin haskensa da luman. Majigin ofis na yau da kullum yakan kai wajen luman 3000, wanda ya isa aji ko matsakaicin zaure in an rage hasken waje. In ofishinku zai saya, ku nemi adadin da aka rubuta ANSI a gefensa, don shi ne ma'aunin da aka yarda da shi. Ƙananan nan masu araha da ake rubuta wa dubbai barkatai a kwali, yawancinsu na kallon fim ne a ɗaki da dare.

Nisa ma yana cin haske. In ka ja majigi baya har nisansa da bango ya ninka, faɗin hoton zai ninka, tsayinsa ma haka, wato hasken nan ɗaya ya bazu a fili ninki huɗu. Hoto ya yi girma, amma ya dusashe. Da yawa daga cikin injinan ofis, in kana son hoto mai faɗin mita biyu, sai ka ajiye su kimanin mita uku daga bango. Gara matsakaicin hoto mai kaifi da ƙato wanda ba a gani.

A aikace, je ka ga ɗakin kwana ɗaya kafin taro, a daidai lokacin da za a yi shi, don ka san ta inda rana take shigowa. Zaɓi bangon da ba ta duka. Tagogin da suke kusa da allon su ne abin rufewa, ko da zane ne ko tabarma; na baya a bar su, don iska ta shiga kuma mutane su iya rubutu. In bangon mai launi ne ko ya yi dauɗa, farin yadi da aka ja ya miƙe ya fi shi. Ajiye injin ya fuskanci bango sosai, kada ya karkace. In hoton ya fito sama da faɗi ƙasa a tsuke, gyara ƙafafun injin tukuna, sannan ka taɓa maɓallin Keystone, don yawan amfani da shi yana rage kaifin rubutu. Daga ƙarshe juya zoben da ke bakin gilashin har ƙananan haruffa su fito ras.

Wuta, zafi da ƙura

Majigi mai ƙwan fitila yana jan wuta wajen wat 300. Ƙaramin janareta zai ɗauke shi da laftof, amma in aka jibga masa fankoki da lasifika da cajin wayoyin rabin zaure, to ka jira abin da ya same ni. Kai da kanka ka leƙa tankin mai, kada ka ce ai an ce an zuba. Laftof ta kwana da cikakken caji. Ka zo da doguwar waya mai soket da yawa, ka bi da ita ta gefen bango don kada wani ya yi tuntuɓe ya jawo injin ƙasa. In ofishin yana da UPS, sa majigin a kansa: 'yan mintocin da zai ba ka sun isa ka kashe injin yadda ya dace. In za a juya daga wutar gari zuwa janareta, kashe majigin kafin a juya.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne ƙwan. Yana yin zafi ƙwarai, fanka ce a ciki take sanyaya shi. In ka gama, danna maɓallin kashewa, ka jira fankar ta yi shiru, sannan ka zare filogi. Wasu sababbi an yi su a iya zarewa nan take, amma in ba ka karanta haka a takardar injin ba, jira. In wuta ta ɗauke yana aiki, kada ka yi ta danna shi da ta dawo. Ƙwai mai zafi ba ya kamawa nan da nan, ba shi 'yan mintoci. Kada kuma ka ɗaga shi ko ka cusa shi a jaka da zafinsa. Ƙwan yana da iyakar rayuwa ta 'yan dubban awoyi, yana kuma dusashewa a hankali kafin ya mutu. Irin sababbin nan masu hasken lesa kamfanoni kan ce suna kaiwa awa 20,000, sai dai tsada. Wani abu kuma: akwai sinadarin makuri a cikin ƙwan. In ya fashe, a buɗe tagogi a fita daga ɗakin na ɗan lokaci, kada a kwashe gilashin da hannu.

Mu nan masarautar Gumel muna da ƙarin matsala biyu da takardar injin ba ta yi da mu ba. Yawancinsu an rubuta su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ko 40 ba, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura 40. Don haka kada ka jingina shi da bango, kada ka ɗora takardu a kansa, kada ka aza shi kan katifar kujera da za ta toshe ramukan iskarsa. Ta biyu ita ce ƙurar hunturu. Injin yana zuƙar iska, ƙura ta taru a matatarsa, zafi ya ƙaru, sai ka ga jar fitila ta kama ya kashe kansa ana tsakiyar taro. Cire matatar ka kaɗe ta lokaci-lokaci, in an gama aiki a rufe gilashin a mayar da shi jaka. Gilashin kuma ba a goge shi da gefen riga.

Waya da haɗi

Shuɗiyar wayar nan da ta kunyata ni sunanta VGA. Kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1987, ƙusoshinta 15 a jere uku, kuma hoto kawai take ɗauka, ba ta ɗaukar sauti. HDMI, mai faɗin bakin nan, ta zo a farkon shekarun 2000, tana ɗaukar hoto da sauti tare. Tsofaffin majigai da suka cika ofisoshinmu da yawa VGA gare su, sababbin laftof kuwa HDMI, wasu ma sai USB-C kaɗai. Maganin shi ne ɗan mahaɗi da za ka samu wurin masu kayan kwamfuta. Amma ka kula, hanya ɗaya yake bi: wanda yake kai hoto daga HDMI zuwa VGA ba ya yin akasin haka. Kuma ba kowane ramin USB-C ne yake fitar da hoto ba. Gwada naka tun a gida. Ni yanzu mahaɗin nan ba ya barin jakata.

Haɗa waya, kunna majigi, kunna laftof. In allon ya nuna shuɗi kawai, danna maɓallin Source ko Input har ka zo kan sunan wayar da ka sa. In har yanzu shiru, danna maɓallin Windows tare da P. Zaɓi huɗu za su fito, biyu ne naka. Duplicate yana nuna wa jama'a duk abin da ke fuskar laftof ɗinka. Extend yana mayar da bango fuska ta biyu, ta yadda su suna ganin shafin, kai kana ganin bayananka da shafin da ke tafe da agogo.

In Duplicate ka zaɓa, to duk abin da ka gani sun gani. Rufe WhatsApp, kashe sanarwa, sauya hoton fuskar kwamfutarka in ba na shiga taro ba ne, rufe duk fayil ɗin ofis da bai shafi zaman ba. Saƙo ɗaya ya faɗo a bango gaban darakta, ya ishe ka labari har ka bar wurin. In akwai bidiyo, gwada sautin tun da wuri. Lasifikar cikin majigi ba ta cika zaure.

Abin da za ka haska

PowerPoint ya fito a 1987, a shekarar ce kuma Microsoft ta sayi kamfanin da ya yi shi kan dala miliyan 14. Tun asali an yi shi ne don ya taimaka wa mai magana, amma mu mun mayar da shi littafi. Muna kwafo babi guda na furojet mu liƙa, mu juya wa mutane ƙeya muna karantawa.

Ma'aunina yanzu shi ne dattijon nan na sahun baya. Haska shafinka, ka taka har kujerar ƙarshe ka zauna. In ba ka iya karantawa ba, shi ma ba zai iya ba. Masu harkar suna cewa kada na ƙarshe ya wuce nisan da ya ninka tsayin allon sau shida. Girman rubutu kada ya gaza 24, kanun shafi ya fi haka. Magana ɗaya a shafi ɗaya, layi biyar ko shida sun isa. A ɗakin da ba a iya duhunta shi sosai, baƙin rubutu a kan farin shafi ya fi fita. Rawaya a kan fari, ko ja a kan shuɗi, ɓata lokaci ne. Jadawali mai layi ashirin kuwa a buga shi a takarda a raba, a bango a nuna lambobi biyu ko uku da ake son a tuna. Duba kuma siffar shafin: tsofaffin majigai 4:3 ne, PowerPoint na yanzu kuwa da 16:9 yake buɗewa, in suka saɓa sai hoton ya ƙanƙance.

Sai matsalarmu ta masu rubutu da Hausa: ɓ da ɗ da ƙ. Ba kowane salon rubutu ne yake da su ba, kuma salon da ke kwamfutarka ba lallai yana kan ta aro ba. Shi ya haifi akwatunan nan nawa. Maganin mai sauƙi ne: ajiye kwafi ɗaya a matsayin PDF, don shi yana tafiya da haruffansa duk inda aka buɗe shi. Sa kwafi a filash, tura wani wayarka, buga ɗaya a takarda.

Ka kuma tambayi kanka su wa za su zauna a gabanka. Ma'aikatan ofis daban, manoma daban. A taron namu akwai waɗanda ajami suka fi karantawa, akwai waɗanda ido ya yi rauni. Da hoton riɗi mai tsabta da mai yashi na haska gefe da gefe, da ya fi shafuka 32 ɗin nan amfani. Gani ya kori ji, amma fa sai abin yana ganuwa.

Kai ne mai bayani

Tsaya a gefen allo, fuskarka ga mutane. Kada ka gitta ta cikin hasken, kada ka leƙa gilashin yana kunne, yana cutar da ido. F5 yana fara nuni daga shafin farko. In ka buga lambar shafi ka danna Enter, kai tsaye zai kai ka can, wanda yake da amfani ranar difens in malami ya ce koma jadawalin baya. Harafin B yana baƙanta allon, ka sake dannawa ya dawo. Yi amfani da shi duk lokacin da aka yi tambaya ko kake son a dube ka, don muddin akwai abu a bango, can idanu za su tafi.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne wannan: rufe laftof, ka samu abokin ɗakinku, ka yi masa bayanin gaba ɗaya da baki cikin minti biyar. In ka iya, to ko an ɗauke wuta za ka ce, "Ranku ya daɗe, bari mu ci gaba kafin a tayar da inji," ka ɗauki takardarka ka ɗora daga inda ka tsaya. In ba ka iya ba, ba majigi ne matsalarka ba tukuna, koma ka san abin da za ka faɗa.

Kafin SIWES ɗina ya ƙare an sake kiran wani taron a zauren nan. Na je tun jajibiri da yamma, na koma da safe. Muka juya bencina suka fuskanci ɗaya bangon, muka rataya farin yadi, muka toshe tagogi biyu da tabarmi. Shafuka takwas na kawo, shida hotuna ne. Na leƙa tankin janareta da idona. Da muka fara na tambayi na sahun baya ko suna gani, suka ce suna gani.

Shawarata ga 'yan'uwa maza da mata masu shirin difens: ku haɗu ku uku ko huɗu, ku roƙi sashenku a ba ku majigi na awa ɗaya a ɗakin da za a yi zaman. Kowa ya haɗa laftof ɗinsa da hannunsa, ya kunna, ya kashe, ɗaya ya zauna a kujerar ƙarshe yana faɗin abin da ba ya gani. Ga ƙungiyar ɗalibai kuma ina roƙo: a ware rana ɗaya kowane zango don irin wannan gwaji, a sayi mahaɗi biyu ko uku a ajiye a ofishin ƙungiya don aro. Allah Ya ba mu sa'ar difens, Ya sa mu fita da sakamako mai kyau.